Yadda ake ciyar da tsohuwar kyanwa mai jinya idan ta rage ci

Kyanwar da ta haura shekara 10 ta fara manyanta, wadda ta kai 15 kuwa ta tsufa tukuf. A waɗannan shekaru ne ciwon ƙoda, ciwon suga, ciwon haƙori, kumburin hanji da ciwon gaɓoɓi suke samun wurin zama a jikinta, kuma yawancinsu a bakin kwano ake fara ganin alamarsu. A zuba mata abinci, ta zo ta sunsuna, ta lasa sau biyu, ta juya ta tafi abinta. Mai ita ya ce ai tsirfa ce, in yunwa ta ci ta da kanta za ta dawo. Wannan jiran yana halaka kyanwoyi, kuma ga dalili.

Idan kyanwa ta daina ci, jikinta yakan kwaso kitsen da ya ajiye ya tura wa hanta ta mayar da shi kuzari. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa kitse mai yawa a lokaci guda, sai ya taru a cikinta har ta kasa aiki. 'Yan kwanaki na rashin ci sun isa su tayar da wannan matsala, kuma mai ƙiba ta fi ramammiya shiga hatsarin. Ciwo na biyu ke nan ya hau kan na farko, shi ma da nasa tashin zuciyar da ke ƙara hana ta ci. Don haka ka riƙe wannan tun kafin komai: in tsohuwar kyanwa mai ciwo ta yi awa 24 ba ta sa komai a baki ba, ko ta yi kwana uku tana cin ƙasa da rabin abin da ta saba, ka kira likitan dabbobi a ranar. Duk dabarun da zan kawo tare da magani suke tafiya.

Mataki na 1: Gano abin da ya hana ta ci

Kafin ka sayo wani sabon abinci, zauna ka kalli yadda take tunkarar kwanon. Yadda ta ƙi abincin zai gaya maka abubuwa da yawa.

Wadda ta taho da saurinta kamar mai jin yunwa, ta sunsuna, sai ta kau da kai tana lasar leɓe, tana haɗiyar yawu a kai a kai ko yawun yana dalala, tashin zuciya ke damunta ko da ba ta yi amai ba. An fi ganin wannan ga masu ciwon ƙoda da na hanji. Wadda take ɗaukar abinci yana faɗowa daga bakinta, tana tauna da gefe ɗaya, tana kai ƙafarta ta gaba tana sosa baki, ko bakin yana wari, to matsalar a haƙori take ko dasashi, ko kuma gyambo ne a harshe. Wadda majina ta toshe wa hanci ba ta jin ƙanshi, kyanwa kuwa sai ta ji ƙanshi take yarda ta ci. Wadda ta kwana biyu ba ta yi kashi ba, ko ta yi ta yunƙuri sai ɗan busasshe ya fito, cikinta a cushe yake, ba wurin da abinci zai shiga. Sai mai ciwon gaɓoɓi, wadda aka fi mantawa da ita: tana son abincin, amma sunkuyawa ko hawa inda aka ajiye kwanon azaba ce a wajenta. Kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce. Da wuya ka ga tana ɗingishi, sai dai ka lura ta daina tsalle kan kujera, gashin bayanta kuma ya cukurkuɗe domin ba ta iya juyawa ta lashe shi.

Duk abin da ka gani ka faɗa wa likita, in da hali ka ɗauki ɗan bidiyo a waya, domin a asibiti tsoro zai hana ta nuna halinta na gida. Ka nemi a duba bakinta da kyau, a yi gwajin jini da na fitsari, a auna hawan jini, a duba tayirod, wato 'yar ƙwayar nan ta wuya da kan yi aiki fiye da kima a jikin tsofaffin kyanwoyi. Ka tafi da duk magungunan da take sha. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta da maganin tayirod ɗin kansa suna iya tayar da zuciya su kashe sha'awar abinci, sau da yawa rage yawan maganin ko sauya shi kaɗai yake warware matsalar. Amma kada ka dakatar da wani magani da kanka.

Mai ciwon suga da ake yi wa allurar insulin lamarinta daban ne. In ta ƙi ci, kada ka yi mata cikakkiyar allura kamar kullum sai ka ji ta bakin likita, domin insulin a jikin da ba abinci yana iya faɗar da sugan jini har ta suma. Tun yau ka tambayi likita abin da za ka yi a irin wannan ranar, ka rubuta ka ajiye kusa da allurar.

Mataki na 2: Auna ta, ka auna abin da take ci

Ido yana yaudara, musamman ga mai yawan gashi. Nemi sikelin jarirai, ka riƙa auna ta sau ɗaya a mako, a rana ɗaya da lokaci ɗaya. Kyanwa mai kilo 4 da ta rasa giram 200 ta rasa kashi 5 cikin ɗari na jikinta, wannan kuwa ya isa a sanar da likita ko da tana kai da kawowa kamar ba komai. Ka riƙa shafa bayanta da tafin hannu. In ƙashin baya da na ƙugu sun fara sukar hannunka, naman jikinta ne ke zagwanyewa, kuma yana iya zagwanyewa ko da tana da ɗan tumbi.

Sannan ka san adadin da kake nema. Akwai lissafi mai sauƙi da ke ba da kwatankwacin kalori, wato ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci, da jikinta yake buƙata a rana in tana kwance kawai: ninka nauyinta na kilo da 30, ka ƙara 70. Mai kilo 3 tana buƙatar kusan 160, mai kilo 4 kusan 190, mai kilo 5 kusan 220. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Daga wajen shekara 12 hanjin kyanwa yakan rage iya tsotse kitse da furotin, saboda haka tsohuwar da ta rame tana iya buƙatar fiye da haka kafin ta tsaya da ramewa. Yawan kalori yana rubuce a jikin gwangwani ko a shafin kamfanin. Ƙaramin gwangwani ko fakiti na giram 85 yawanci tsakanin 60 da 100 yake, ke nan mai kilo 4 sai ta cinye biyu zuwa uku a rana. Mutane da yawa a nan suke gane cewa kyanwar da suke cewa "tana ɗan ci" ko rabin buƙatarta ba ta samu.

Ka auna abincin da sikelin kicin kafin ka ba ta, ka auna abin da ta rage. Nemi ɗan littafi ka riƙa rubuta lokaci, irin abincin, giram nawa ta ci, ta yi amai ko ba ta yi ba, ta yi kashi ko ba ta yi ba. In akwai wata dabba a gidan, ka raba musu wurin ci, in ba haka ba za ka ga kwano wayam ka yi murna alhali wata ce ta cinye.

Mataki na 3: Zaɓen abinci

Kyanwa maciyar nama ce zalla. Jikinta yana buƙatar furotin na dabba da wani sinadari mai suna torin, wanda rashinsa yake lalata zuciya da ido. Shi ya sa abincin kare bai dace da ita ba, ragowar abincin mutane ma haka. Ka duba jikin gwangwanin ka tabbata an rubuta cikakken abinci ne na kyanwa, domin akwai waɗanda na marmari ne kawai.

Ga mai jinya, jiƙaƙƙen abinci na gwangwani ya fi busasshe ta fuskoki uku: ya fi ƙanshi, ya fi sauƙin ci, sannan kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari nasa ruwa ne, busasshe kuwa bai wuce kashi 10 ba. Ka gwada siga daban-daban, domin laushi ko tauri yana damun kyanwa kamar ɗanɗano. Wata niƙaƙƙe lukwi take so, wata gutsattsari cikin romo, wata kuma romon za ta lashe ta bar naman. Irin wannan sai a markaɗa mata duka da ɗan ruwan ɗumi ya zama abin lasa. Amma wadda tun tana ƙarama busasshe ta sani tana iya ƙin jiƙaƙƙe ƙememe. Kada ka yi rigima da ita a wannan halin, bar mata busasshen, ka gwada jiƙa shi da ruwan ɗumi. Akwai kuma abinci mai yawan kalori da ake yi domin dabbobi masu murmurewa, wanda kaɗan daga cikinsa yake biyan buƙata, sai dai ga mai ciwon ƙoda a tambayi likita tukun, domin yana da yawan fosfaras, wani sinadari da ƙoda mai ciwo ba ta iya fitarwa sosai.

Kowane ciwo da nasa abincin. Na ƙoda an rage masa fosfaras, an daidaita furotin, an ƙara kalori. Likitoci sun kasa ciwon ƙoda mataki huɗu, kuma yawanci daga mataki na biyu ake fara maganar wannan abincin. Bincike ya nuna masu cinsa sun fi daɗewa. Na suga yana da ƙarancin sitaci da yawan furotin. Na hanji ana yinsa da abin da ke saurin narkewa, ko da irin naman da ba ta taɓa ci ba. Na tayirod an rage masa aidin, sinadarin da tayirod ke aiki da shi, kuma ba ya aiki sai in shi kaɗai take ci.

Duk da haka ga ra'ayina, kuma likitoci da yawa a kai suke: abincin magani da ya kwana a kwano bai yi wa kowa magani ba. In zaɓi ya zama tsakanin abincin ƙoda da ta ƙi da abinci na yau da kullum da za ta cinye, ba ta wanda za ta ci, ka sanar da likita. Akwai hodar da ake barbaɗawa a abinci ta kama fosfaras a cikin hanji ta hana shi shiga jini, an yi ta ne domin irin wannan kyanwar. Yunwa ta fi fosfaras saurin kayar da ita.

Akwai abubuwan da ba a ba ta ko da ta nuna tana so. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe ko gari, suna fasa jajayen ƙwayoyin jininta, kuma suna ɓuya a cikin romon gwangwani da niƙaƙƙen abincin jarirai, don haka a karanta jerin kayan haɗin. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano ba nata ba ne, balle mai ciwon ƙoda ko zuciya. Madarar shanu tana sa yawancin manyan kyanwoyi gudawa. Wasu nau'o'in ɗanyen kifi suna lalata bitamin B1 a jikinta, ɗanyen nama kuma yana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da jikin mai jinya ba zai iya yaƙa ba. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya soki hanji. Hanta kullum tana tara bitamin A har ya zama illa. Dafaffen naman kaza zalla, ba gishiri ba kayan ƙanshi, yana da amfani na kwana ɗaya ko biyu don a tayar mata da sha'awa, amma ba cikakken abinci ba ne. Mai son dafa mata a gida na dogon lokaci ya nemi likita ya rubuta masa haɗin.

Mataki na 4: Yadda za ka gabatar mata da shi

A nan ne ƙananan abubuwa suke yin babban aiki, kuma a nan aka fi yin sakaci.

Fara da ɗumamawa. Jin ƙanshi yana raguwa da tsufa, ɗumi kuwa yana tayar da ƙanshi. Ka kai abincin kusan digiri 37, wato ɗumin jiki, ko ta hanyar zuba ɗan ruwan zafi ka juya, ko ka tsoma kwanon cikin ruwan zafi na 'yan mintuna. In da maikurowef ka ɗumama, 'yan daƙiƙu sun isa, kuma ka juya sosai domin yakan bar wani wurin da zafi mai ƙuna. Ɗiga kaɗan a bayan hannunka, in ka ji zafi to ya yi mata yawa. Mai tashin zuciya ce kaɗai ake yi wa akasin haka: ƙanshi mai ƙarfi yana ƙara tayar mata da zuciya, sai a ba ta mai ɗan sanyi.

Zuba kaɗan. Cokali ɗaya ko biyu a lokaci guda, sau biyar ko shida a rana, ko fiye in kana gida. A ɗabi'arta kyanwa ƙananan loma take ci sau goma ko fiye tsakanin dare da rana, kuma kwano cike maƙil yana iya kore mai jinya tun daga nesa. Ka bar mata minti 15 zuwa 20, in ba ta taɓa ba ka ɗauke ba tare da magiya ba, bayan awa ɗaya ko biyu ka dawo da sabo. Kada ka jera mata kala biyar a lokaci guda. In zuciyarta tana tashi a lokacin, za ta tsani duka biyar ɗin, ka rasa abin da za ka ba ta gobe. Ɗaya bayan ɗaya ake gwadawa.

Ka yi amfani da faffaɗan faranti mara zurfi, na tangaran ko gilashi ko ƙarfe, domin roba tana riƙe wari, kuma wasu kyanwoyin ba sa son gashin bakinsu yana gogar gefen kwano. Tara abincin ya yi tudu a tsakiya. Da ta lasa za ka ga ya baje ya manne a faranti har ta kasa ɗauka ta haƙura. Sake tara mata da cokali, sau da yawa sai ta ci gaba. Ga mai ciwon gaɓoɓi, ɗaga farantin kamar santimita 5 zuwa 10 daga ƙasa, ka shimfiɗa abin da ba ya santsi a inda take tsayawa.

In ta tsaya tana kallo, ɗan ƙarin ƙanshi a sama yakan jawo ta: cokalin romon kaza da ka dafa da ruwa zalla, ko ruwan gwangwanin kifin tuna wanda ba a sa masa gishiri ko mai ba, ko ɗan abin marmarinta da aka murmushe. Kada irin waɗannan su wuce kashi 10 cikin ɗari na abin da take ci a rana. In hancinta a toshe yake, goge shi da tsumma mai ɗumi kafin ci, ko ka zauna da ita minti goma a banɗakin da tururin ruwan zafi ya cika.

Wurin ci ya zama shiru, nesa da akwatin bayan gidanta, nesa da kare da hayaniyar yara, kusa da inda take kwana ta yadda ba sai ta hau bene ko ta yi tsalle ba. Wata sai kana zaune kusa kana shafa ta take ci, wata ta fi son lasa daga yatsanka, wata kuma sai ka bar ɗakin. Gwada duka ka ga irin taka. Wadda ganinta ya ragu a bar mata ɗan haske da dare, kada kuma a riƙa sauya wa kwanon wuri. Wadda ruɗewar tsufa ta kama tana iya manta inda abincin yake, sai a kai mata har gabanta. Kyanwoyi da yawa sun fi ci da asuba da almuru, don haka kada waɗannan lokutan su wuce ba ka ba ta ba.

Gwangwanin da aka buɗe a rufe shi a sa a firji, a ƙarar cikin kwana biyu ko uku. Jiƙaƙƙen da ya yi awa guda a faranti lokacin zafi a zubar, a wanke farantin.

Mataki na 5: Ruwa

Kyanwa tana buƙatar kusan mililita 50 na ruwa a kowane kilo a rana, har da wanda ke cikin abinci, wato kusan 200 ga mai kilo 4. Mai ciwon ƙoda ko suga tana zubar da fiye da haka a fitsari, kuma bushewar jiki tana kawo kasala, taurin kashi da ƙin ci. Ajiye ruwa a wuri biyu ko uku, ban da gefen abinci, ka sauya shi kullum. Ƙara cokali ɗaya ko biyu na ruwa a abincinta, amma kada ka tsinka shi har ta cika ciki da ruwa ba kalori. Taɓa dasashinta da yatsa: in ya yi danƙo maimakon santsi, ruwan jikinta ya yi ƙasa. Likita yana iya koya maka yadda ake ƙara mata ruwa ta ƙarƙashin fata a gida, amma shi zai yanke yawansa, domin yana iya cutar da mai ciwon zuciya.

Mataki na 6: Sauya mata abinci ba tare da ta tsane shi ba

Duk wanda ya taɓa yin amai bayan cin wani abinci ya san yadda ko warinsa ba ya son ji daga baya. Kyanwa ma haka take, kuma tana daɗewa ba ta manta ba. Saboda haka kada a fara mata abincin ƙoda ko wani na magani ranar da take amai, ko tana kwance a asibiti, ko ranar da aka dawo da ita. A jira zuciyarta ta kwanta, ta koma cin abin da ta saba. Daga nan a ajiye ɗan sabon a wani faranti kusa da tsohon na 'yan kwanaki ta saba da warinsa, sannan a fara haɗawa, kashi ɗaya na sabo cikin huɗu, a riƙa ƙarawa a hankali. Makonni uku ko huɗu ba su yi yawa ba, wata ma sai ta fi haka. Duk ranar da cinta ya ragu a koma matakin baya. In ta ƙi na wani kamfani a gwada na wani, ɗanɗanonsu ba ɗaya ba ne.

Mataki na 7: Magungunan da ke taimakawa

In tashin zuciya ko ciwo ne ya hana ta ci, duk ɗumamawar duniya ba za ta sa ta ci ba sai an kwantar da su. Likita yana da maganin hana amai irin su Cerenia, yana da maganin ciwo da ya dace da kyanwa, yana iya ƙara mata fotasiyam ko allurar bitamin B12 in gwaji ya nuna sun yi ƙasa. Sai masu buɗe ciki. Wanda aka fi sani shi ne mirtazafin, akwai ƙwaya, akwai kuma na shafawa mai suna Mirataz da aka amince da shi a Amurka a 2018, ana shafa shi a cikin fatar kunne. Sa safar hannu, ka riƙa sauya kunne kullum, ka goge ragowar na jiya. Yana iya sa ta yawan kuka da kai-kawo. In ya yi yawa ka faɗa a rage. Akwai kuma Elura, na ruwa, da aka amince da shi a 2020 domin masu ciwon ƙoda da ke ramewa, amma yana iya ɗaga sugan jini, don haka ana kaffa-kaffa da shi ga mai ciwon suga. Ni dai ba na son a ba da mai buɗe ciki shi kaɗai alhali zuciya tana tashi ko haƙori yana ciwo, domin an sa ta jin yunwar abin da ba za ta iya ci ba.

Kada ka taɓa ba ta maganin mutane. Ƙwaya ɗaya ta farasitamol tana iya kashe kyanwa, ibufurofen kuma yana lalata ƙoda da ciki. Kada kuma ka niƙa magani mai ɗaci cikin babban abincinta. Da ta ji ɗacin sau ɗaya ta daina yarda da wannan abincin. Ɓoye shi cikin 'yar lomar wani abu daban, ko ka ba ta kai tsaye ka bi da ɗan ruwa don kada ƙwayar ta maƙale a maƙogwaro, kuma ka raba lokacin magani da lokacin ci.

Mataki na 8: Sirinji da bututu

Mutane da yawa sirinji suke fara ɗauka, ni kuwa a ƙarshe nake sa shi. Ɗura yana tsorata kyanwa, yana sa ta tsani abincin, har ma ta fara gudun mai ba ta, kuma in ta ƙware abinci yana iya shiga huhu ya kawo ciwo mai tsanani. Ga kuma lissafi: in an markaɗa abinci da ruwa, mililita ɗaya ba ta cika wuce kalori ɗaya ba, ke nan mai kilo 4 sai an ɗura mata kusan mililita 190 kullum, kaɗan-kaɗan. Da wuya a cimma wannan ba tare da an wahalar da ita ba. In likita ya ce a yi na ɗan lokaci kuma tana karɓa, a zaunar da ita a kan ƙafafunta, kanta a daidai ba a ɗaga sama ba, a sa bakin sirinjin ta gefe bayan fiƙa, a matsa mililita ɗaya, a jira ta haɗiye. Da ta fara fizge-fizge, tari ko tofarwa, a tsaya. Ba a ɗura wa wadda ta galabaita ko take numfashi da ƙyar.

Bututun ciyarwa kuwa sunansa ne ke tsorata mutane, amma sau da yawa shi ya fi tausaya mata. Akwai siriri da ake sawa ta hanci na 'yan kwanaki, abinci mai ruwa-ruwa kaɗai yake ɗauka. Akwai wanda ake sawa ta gefen wuya zuwa maƙoshi bayan an sa ta ɗan gajeren barci, wannan yana iya zama makonni ko watanni. Ta cikinsa ake ba da abinci, ruwa da yawancin magunguna ba kokawa, kuma ba ya hana ta ci da bakinta duk lokacin da ta so. Ga wadda kitse ya taru a hantarta, shi ne ginshiƙin maganin. Ana ɗumama abincin, a wanke bututun da ruwan ɗumi kafin ci da bayan ci, a tura abincin a hankali cikin minti 10 zuwa 15, a duba wurin da ya shiga kullum a tsaftace. Wadda ta daɗe ba ta ci ba, ba a cika mata ciki rana ɗaya: ana farawa da kusan kashi ɗaya cikin uku na buƙatarta ko ƙasa da haka, a ƙara cikin kwanaki, domin cikawa farat ɗaya yana iya faɗar da fotasiyam da fosfaras na jini. Ka yi maganar bututu da likita tun tana da sauran ƙarfi, kada ka jira sai ta zama fata da ƙashi, lokacin da maganin barcin kansa zai zama hatsari.

Alamun da ba a kwana da su

In ka ga cikin kunnenta, dasashinta ko farin idonta ya yi rawaya, ko tana amai a jere ko ruwa ba ya zama, ko tana numfashi da baki a buɗe, ko wuyanta ya sunkuya ta kasa ɗaga kai, ko tana tangaɗi, ko tana yunƙurin fitsari ba ya fita, ɗauke ta zuwa asibiti nan take ko da tsakar dare ne.

Akwai kuma lokacin da likita zai gaya maka ciwon ya kai matakin da magani ba zai juya shi ba. A nan dokokin abincin magani suna sassautawa: ba ta duk abin da take marmari in ba guba ba ne, ka daina ɗura, ka ci gaba da maganin amai da na ciwo. A littafin nan naka ka ƙara layi ɗaya, ka riƙa rubuta ko yau ta ci da kanta, ta gyara jikinta, ta zo wurinka, ko kuwa a ɓoye ta wuni. Ka kai wa likita duk mako, ka tambaye shi kai tsaye ko tana shan wahala, da abin da ya rage da za a iya yi mata.